Majemin da Ya Ari Hancin Tururuwa

Da sunan Wanda ya tsirar da itace daga ƙwaya, ya raba su dangi-dangi kamar yadda ya raba 'yan Adam, ya ba wani inuwa, ya ba wani 'ya'ya, wani kuma ya ɓoye masa arzikinsa a cikin ɓargo. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Nomau, majemi jikan majemi, kuma ga abin da ya same ni a tsibirin Kumbaru, can bayan tekun da ba a hango gaɓarsa, inda duwatsu ke kwana da gajimare a kansu su tashi da shi.

Kafin in shiga labari, ku san abu ɗaya game da ni, don a kansa komai ya rataya: ba ni da hanci. Yana nan dai a fuskata, har ya fi na wasu tsawo, amma ba ya aiki. Tun ina rarrafe nake gindin ramin jima, cikin toka da bagaruwa da kashin tattabaru, har hancin ya gaji ya yi murabus. Turaren wuta da mushen jaki duk ɗaya suke a wurina. A majema wannan ni'ima ce, ban taɓa zaton ranar da zai zame mini ciwo ba.

Abokin tafiyata shi ne Arzika, ɗan gwaggona, baduku mai baki kamar reza. Taubasai ne mu, ba ma gaisawa sai da tsiya. Ni in jeme, shi ya ɗinka, har kwaɗayin kasuwar gabas ya ɗebe mu da jar fata muka shiga jirgin ruwa. Teku ta karɓi jirgin da fatun da mutanen, ta tofo mu biyu a yashin Kumbaru. Mutanen wurin suka ɗauke mu, suka ba mu ɗaki da abinci, ba su tambaye mu komai ba. Kafin shekara ta zagayo Arzika ya iya harshensu har yana ba su dariya. Ni kuwa da na ga akwai mai yi mini magana, sai na bar masa. Shi ne bakina a kasuwa, shi ne kunnena a taro. In la'asar ta yi mu zauna a ƙofar ɗaki mu yi Hausa, mu yi gardama a kan wace ce ta fi iya dama fura a unguwarmu, alhali ƙila dukansu sun riga mu gidan gaskiya. A haka furfura ta same mu, jirgi bai zo ba.

Sai ciwo ya kwantar da Arzika, irin wanda yake cin mutum a hankali. Wata safiya ya kira ni ya ce in zauna, na lura bai haɗa da zagi ba, gabana ya faɗi.

"Majemi, tafiya ta zo," in ji shi. "Na san za ka wanke ni, ka haƙa mini, ka fuskantar da ni alƙibla. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa mini kafur a ruwan ƙarshe, kamar yadda aka yi wa babana."

Na ce masa ruwa zalla ma ya isa, ba wanda ya ce sai da kafur ake shiga kabari. Ya ce ya sani, shi ma ya yi zaman makaranta. Amma ba magarya a ƙasar nan, ba liman, ba dangi, ba ko tsohuwar da za ta yi masa kuka da Hausa. Yana so wani abu ɗaya na gida ya raka shi. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar Kumbarawa: ba sa barin gawa ta ga faɗuwar rana, sai su sa ta a kwalekwale su tura wa teku. In na tafi neman kafur ya cika a bayana, ba kafur, ba wanka, ba kabari. Na faɗa masa haka. Ya ce to in yi sauri mana, ai shi ba ya mutuwa sai ya ga yadda marar hanci zai nemo turare.

Muka kira maƙwabcinmu Itolo, mai ɗiban zuma, wanda ya san kurmin da ke kan duwatsu. Yana magana, Arzika na juya mini daga kwance. Ya ce itacen da ake samun kafur a cikinsa yana nan, amma ba Bakumbaren da zai nuna shi, ko ya ambaci sunansa, ko ya raka wani wurinsa. A wurinsu kafur abu ne mai kunya, in ya ji an kira shi ko an nuna shi da yatsa sai ya narke ya bar itacen fanko. Suna kauce wa sunan yadda uwa take kauce wa sunan ɗan fari. Mai bukata shi yake zuwa, shi kaɗai, bakinsa a rufe.

Abin da al'ada ta yarda ya koya mini shi ne dangin itacen, ba itacen ba. Ya shimfiɗa ganyaye a tabarma ya ce duk 'yan gida ɗaya ne. Ganyensu mai kauri ne, mai sheƙi, gefensa sumul ba haƙora. Furensu ƙanana ne, ba abin kallo ba. 'Ya'yansu ƙwallo ɗaya gare su, kuma yawancinsu suna zaune a cikin ɗan ƙoƙo a kan tsinkensu. Ya nuna mini yadda ake dafa sassaƙen a tukunya a kife ƙwarya a kai. Sannan ya ce babbar alama, wadda ta fi duka, ita ce a murje ganye a shinshina, don kowane ɗaya da ƙamshinsa. Da Arzika ya zo juya wannan, dariya ta kama shi har tari ya sarƙe shi, sai da na ɗaga shi zaune.

Na ɗauki gatari da tukunya da ƙwarya da gora, na hau dutse.

Ni mutumin fili ne. A ƙasarmu itace tsayawa yake shi kaɗai, ka hango shi daga nesa ka san shi: ga kuka da tumbinta, ga ɗorawa ta baje, ga giginya ta miƙe. Da wannan idon na shiga kurmi, ina neman siffa, ashe kurmi ba ya nuna siffa. Kututture ne jere da kututture, duk sun sha gansakuka, kawunansu sun shige gajimare ba ka ganinsu. Ganyen da ke ƙasa kuwa duk iri ɗaya, masu kauri, masu sheƙi, marasa haƙora. Na zo neman gida ɗaya, na tarar gari duka dangi ne. Ba rana, ba inuwa, ba motsin mutum, sai ɗigar ruwa da kukan wasu manyan hasbiyoyi da ke haɗiye 'ya'yan itacen ɗungurungum. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar nan ba, har na riƙa yin tari da gangan don in ji muryar ɗan Adam.

Tun da hanci ya ƙi, na ce harshe ya yi aiki. Itace na farko da na ɓantari ɓawonsa na tauna, sai na ji zaƙi-zaƙi da ɗan yaji a baya. Kirfa ce, wadda muke saye tsinke-tsinke da tsada wurin 'yan koli, ga ta nan tsaye ta fi rimi tsawo ba mai kula ta. Na duba ganyenta da kyau: biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, kowanne da jijiya uku da suka taso daga gindi suka miƙe zuwa baki. Na yi murna na ce ko a nan kafur yake ɓoye, na dafa sassaƙenta, ƙwarya ta fito da jan gumi kawai. Na dai samu ɗaya da na sani, na rage baƙunta. Gaba kaɗan na sami wani mai manyan 'ya'ya kore, cikinsu kamar man shanu, da ƙwallo ɗaya ƙato a tsakiya. Shi ba ya sa ƙoƙo, amma ganyen na gidan ne. Shi ya ciyar da ni duk zamana a kurmin, Allah ya saka masa.

Ina ta hawa ina ɗanɗano, bakina ya yi ɗaci ya yi bauri ya kumbura, har na isa wani wuri a bakin kwazazzabo inda na ga abin mamaki. Itace ne ƙato wanda mutum goma ba za su zagaye shi da hannu ba, kuma ruwan sama yake yi shi kaɗai. Gajimare in ya ratsa ta cikin ganyensa sai ya tatse shi, ruwa ya yi ta zuba a ƙarƙashinsa har ya tara tafki, alhali gefe ba ɗigo. 'Ya'yansa na zaune a ƙoƙo mai zurfi. Zuciyata ta ce wannan sarkin gidan ne, kuma dukiya a gidan sarki take. Na ɗaga gatari na sara.

Daga baya Itolo ya nuna mini da hannu cewa duk mai hanci sara ɗaya yake yi wa itacen nan ya gudu, don warin ɗanyensa kan kayar da mutum. Ni ina na sani? Na yi ta sara hankali kwance, ina ma yaba baƙin cikinsa. Sai kaina ya fara bugawa, itatuwa suka soma zagaya ni, ƙafafuna suka zama na wani. Abin da na iya tunawa shi ne na ja da baya don in zauna, ban sami ƙasa ba.

Na farka a rataye tsakanin sama da ƙasa. Wani irin saƙaƙƙen zare ne ruwan ɗorawa ya tare ni, ya lulluɓe itatuwan da suka fito daga bangon kwazazzabon, ƙasa kuwa tana can nesa da duwatsu da rafi. Na dubi zaren, na sake dubawa. Ba ganye, ba saiwa, ya nannaɗe reshe yana shan jininsa. Rumfar gada ce, wadda ke hawa ƙananan itatuwa a bayan garinmu, wadda ko akuya ba ta girmama ta. Na tsinki ɗan farin ɗanta na matse, ga ƙwallo ɗaya a lulluɓe cikin ƙoƙon da ya rufe shi ruf. Ashe ita ma 'yar gidan ce, talakar dangi, wadda ta yi nisa har ta kai ƙasar Hausa.

"Sannu, 'yar garinmu," na ce mata. "Ke ma jirgi ne ya kife da ke?"

Ba na jin kunyar faɗa, na daɗe ina yi mata magana. Na ba ta labarin Arzika, na gaya mata ina tsoron in koma in tarar da ɗaki ba kowa, in ƙare rayuwata ba wanda zai ce mini ina kwana. Na yi kuka a wurin kamar yaro, ba mai gani balle ya yi mini gori.

Tururuwa ce ta katse mini kukan, ta sami ragowar 'ya'yan man shanun da ke aljihuna ta haɗa da ni. In na motsa da ƙarfi zaren ya tsinke, don ɗaya-ɗaya ba shi da ƙwari. Amma wanda ya tashi yana murɗa tsirkiya bai rasa dabara ba. Na riƙa jawo zaren a hankali ina haɗa shi da yawa ina tufka, har na sami igiya mai kaurin hannu, na ɗaura a reshe na sulale. Ta kai ni kusa, ragowar na faɗa a ruwa. Gatarina na can gindi ya riga ni, na ɗauke shi, tukunya da ƙwarya da gora kuwa suna goye a bayana cikin zane, Allah ya tsare ba su fashe ba.

Ina zaune ina cire tururuwa daga jikina, idona ya faɗa kan layinsu a bakin rafin. Wurin cike yake da gumagumai da ruwa ya kawo, duk sun ruɓe, gara ta cinye su, tururuwa na bi ta kansu. Sai gungume ɗaya, wanda ga alama ya fi su daɗewa, yana nan garau ba huda ko ɗaya, kuma layin in ya zo kusa da inda ya tsage sai ya karkace ya yi zagaye. Nan na tuna abin da kowace mace ta sani a garinmu, cewa kafur ake jefawa a adudu don asu da ƙwari su bar tufafi. Ni ba ni da hanci, amma ga dubban hanci suna yawo a ƙasa ba mai haya.

Na sa ɗan abinci a gora na tara su, na toshe da ganye. Tun da ruwa ne ya kawo gungumen, uwarsa tana sama, sai na bi rafin ina hawa. Duk itacen gidan da na tarar, in sassaƙo shi kaɗan, in zuba tururuwa a kan dutse, in ajiye musu sassaƙen a hanya. Wasu su hau kai abinsu. Wasu su ƙi, amma ƙin bai isa shaida ba, don kirfa ma ba sa son ta, haka mai warin nan da ya jefar da ni. Sai na haɗa shaidu uku: tururuwa ta ƙi, harshena ya ce ba kirfa ba ce, kaina kuma bai buga ba. Tafiyar ta yi tsawo, tururuwa suna mutuwa ina sake tara wasu, kullum gari ya waye ina lissafin ko Arzika ya ga wannan safiyar.

A wani lungu inda rafin ya fito daga dutse na same shi. Ɓawonsa ya tsattsage tsaye-tsaye, sabon tohonsa ja, 'ya'yansa baƙaƙe ƙanana a kan koren ƙoƙo. Ganyen ɗaya-ɗaya suke fitowa, ba biyu-biyu irin na kirfa ba. Jijiya uku gare su su ma, sai dai ba daga gindi suke rabuwa ba, sai an ɗan hau, kuma a inda suka rabu akwai wasu 'yan ƙuraje biyu kamar ƙwayar gero. Na ajiye sassaƙe, tururuwa suka watse kamar an zuba musu wuta. Na tauna, na ji ɗaci, sannan wani sanyi ya bi mini maƙogwaro ya hau har idanu. Sunan ya zo bakina, na haɗiye shi. Ba wai na yarda zai narke ba ne, amma a garin mutane nake, kuma ba ranar gwaji ba ce.

Na sari wani tsohon reshe da iska ta karya, na cika tukunya na kife ƙwarya na hura wuta. Karon farko ban sami komai ba, don ƙwaryar ta yi zafi tururin ya tsere. Na liƙe bakin da laka, na ɗora jiƙaƙƙiyar gansakuka a bayan ƙwaryar ina sauyawa. Da na buɗe, ga shi ya kama cikinta fari fat kamar gishiri. Na yi ta dafawa ina kankarewa har na tara abin da zai cika tafin hannu, na ƙulle a ganye na kama gangara, ko gatarin ban tsaya ɗauka ba.

Da na hango gari, abin da na fara gani shi ne Itolo a ƙofar ɗakinmu yana sassaƙa sabon kwalekwale. Na ɗauka na Arzika ne. Ya ɗago ya gan ni, ya ajiye gizago, ya nuna mini ɗaki da haɓa. Na shiga. Arzika na nan, ya zama ƙashi da fata, amma idonsa biyu.

"Ka daɗe, majemi," ya ce. "Har na fara tunanin in haƙura in bi teku."

Na kwance ganyen na kai masa hanci. Ya ja numfashi, ya rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Sannan ya ce shi ne. Ya ce ga zauren gidansu, ga kawunansa a tsugune, ga gawar babansa a kan makara. Na tambaye shi yaya ƙamshin yake, don ban taɓa ji ba. Ya yi tunani ya ce kamar mutum ya dawo daga gona da rana ya leƙa kansa cikin randa.

Sai ya ce in zuba masa a tafin hannu. Ya sa farcen babban yatsa ya raba shi gida biyu, ya tura mini ɗaya. Na ce ai duka nasa ne, don shi na sha wahalar.

"Ni na tsira, ina da mai wanka," in ji shi. "Kai fa, Korau?"

Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Ya ce duk kwanakin da ba na nan da wannan tunanin yake kwana, ba da nasa ba. Ya riga ya yi magana da Itolo, ya roƙe shi ya tsaya a wurin wankan ya ga yadda ake yi, kuma Itolo ya yi alkawari in ranata ta zo ba za a ba teku ni ba. Arzika ya ce in yi aikin a hankali, kada in yi irin gaggawar da nake yi wa fata.

Washegari da hantsi Arzika ya cika, ina riƙe da kansa ina laƙana masa kalmar shahada. Na rufe shi da zane na kawo ruwa, Itolo ya shigo ya tsaya daga gefe ya haɗa hannuwa. Na yi komai sannu-sannu, ina tsayawa in dubi Itolo sai ya gyaɗa kai in ci gaba. Da aka zo ruwan ƙarshe na murje rabon Arzika a ciki, sanyin ya kama yatsuna ya cika mini ido. Sai Itolo ya matso ya karɓi ƙwaryar daga hannuna. Ya dubi gawar, ya dube ni, ya yi wata tambaya da harshensu, kuma a karo na farko ba wanda zai juya mini. Amma na gane, yana tambaya ta wane gefe ake farawa. Na kama hannunsa na ɗora a kan kafaɗata ta dama.

Iyakar hikayata ke nan, Allah ya sa mu cika da kyau. Kabarin Arzika yana bayan ɗaki yana kallon alƙibla, na bar fili a gefensa. Rabona kuwa na ɗura shi a ɗan tandun da na jeme da hannuna, na liƙe bakin da kakin zuma na rataye a bayan ƙofa, kuma Itolo ya san inda yake.